Lemon Baba da Mijin Auta

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da matarka da yara. Ubangiji ya ba ka sauƙin ciwon bayan nan da kake ɓoye mana. Matarka ta riga ta tona maka asiri, sai ka daina cewa ƙalau kake. Mu nan sai godiya. Kumburin ƙafar Mama ya ragu sosai, har ta koma zuwa sujada ba sanda, ta kuma koma yi wa 'yan mawaƙa gyara daga inda take zaune. Maigidana yana lafiya, ni kuma ina nan a kan keken ɗinki kamar yadda ka bar ni.

Na zaɓi rubutu ne domin a waya ni da kai ba mai barin wani ya kai aya. Maganar lemon Baba ce, da mijin Auta. Ka ji rabin labari ka ce kada ya sake taka gidanmu, kuma tun ranar ba ka ɗaga wayarsa ba. Ga sauran rabin. Ka san sana'arsa feshin gonaki ce, kuma famfo biyu gare shi iri ɗaya, ɗaya na maganin ciyawa, ɗaya na maganin ƙwari. Shi ne ma mai yi wa kowa wa'azi cewa ba a haɗa su. Da ya ga ƙwari sun nannaɗe ganyen lemon, ba wanda ya aike shi, shi ya ce wa Mama zai zo ya yi maganinsu. Ya biyo daga wata gona a gajiye, ya saɓo famfon da ba shi ba, ya feshe bishiyar tas, ya haɗa da tumatir da barkonon Mama. Kafin mako ya zagayo ganye ya yi rawaya ya zube. Ita ce bishiyar ƙarshe da Baba ya dasa da hannunsa kafin ya rasu, kuma bana ta fara fure.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma na zazzaga masa ta cikina a bakin ƙofa, ka san bakina. Ya sunkuyar da kai ya tafi. Daga nan ya ɗauke ƙafa daga gidan, ya ɗauke daga majami'a. Auta ce ta fi shan wuya. In ta zo wurin Mama sai ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa, in ta koma gida ta tarar da miji ba ya iya kallon idonta. Da ta zo awo na ga zaren awona ya ragu a ƙugunta. Ta ce mini ta rasa ko ita 'yar gidanmu ce ko matar wanda ya kashe lemon Baba.

Mama ta yi kukanta, ban hana ta ba. Wata safiya kuma sai ta ɗaura ɗankwali ta ce in raka ta shagon da mijin Auta yake ajiye kayan feshi. Da ya hango mu ya rasa inda zai sa kansa, ya durƙusa a tsakanin jarkoki. Mama ta ce ya tashi, ita ba ta zo sauraron ban haƙuri ba, aiki ta kawo masa: busasshiyar bishiya tana tsaye a bayan ɗakinta, kuma ba ta da ɗan da ya fi shi iya riƙe diga a kusa. Ta ce abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba za ta ɓoye ba, amma kullum da safe gafara take roƙon Ubangiji, da wane baki za ta roƙa in ta hana ɗan mutane. Ya zo ya tone kututturen yana sharar hawaye da hannun riga, ta zuba masa abinci a kwanon da Baba ke ci a ciki a da. Da ya gama ta ce idan sabon tumatir ya taso shi ne zai yi masa feshi, ba wani ba. Nan ne ni na kasa zama, na shige ɗaki.

Ka tuna maƙwabcinmu mai walda, wanda ke cewa mu masu zuwa majami'a waƙa kawai muka iya? Duk abin nan a kan idonsa aka yi, ta saman katanga. Tun farko shi ya yi ta zuga ni in kai ƙara, har ya ce zai tsaya shaida. Bayan kwana biyu sai ga shi ya yi sallama, ya tsuguna gaban Mama yana murza hula. Ya ce shi ya zaci za a yi tashin hankali, sai ya ga an ba mai laifi abinci. Ya ce yana da ƙane da suka yi shekaru ba sa ga maciji, ya tambayi Mama ta ina ake farawa. Ta ce masa da ƙafa ake farawa, baki ya biyo baya, ta yi masa addu'a a nan tsakar gida. Ban san me zai biyo baya ba, amma na gode wa Allah da na ga wannan da idona. Na gode da irin uwar da ya ba mu, na gode kuma Auta ta fara dariya.

Saura kai, Yaya. Na san zafinka na rashin Baba ne, kuma ba ka nan aka binne shi. Amma kai ne babba, maganarka tana da nauyi a gidan nan, kuma har yanzu mijin Auta, bawan Allah, a bakin ƙofa yake tsayawa sai an ce ya shigo, domin ya ce mai gidan bai janye maganarsa ba.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka rage zama a kujera. Maigidana da Gwaggo da Kawu mai gyaran agogo suna gaisuwa, Auta ma haka. Ka gaida matarka, ka shafa mini kan yara. Mijin Auta ya ce in sa tasa gaisuwar, can kuma ya dawo ya ce in cire, wai bai isa ba. Ban cire ba. Ga ta nan, yana gaishe ka, kuma lambarsa ba ta canza ba.

Ubangiji ya tsare mana kai.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Mai keken ɗinki