Lambatun da Ya Tsaya a Bayan Ɗakin Inna

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu ma da sauƙi. Na ba direban tifar da ke kawo muku yashi wannan takarda, tunda ka daina ɗaga wayata.

Tun da aka naɗa ka shugaban kwamitin tsara sabuwar unguwa, Inna ba ta da zance sai naka. Ɗanta zai kawo titi, ɗanta zai kawo wuta. To ga abin da ɗan nata ya kawo. Kun yanka gonakin da ke sama da gidanmu kun raba, duk wanda ya zo gini sai ya yi ciko ya fi maƙwabcinsa tudu, don ruwa ya gangara gaba. Mu ne a gaban.

Lambatun da kuka haƙa don ya kwashe ruwan ya taho tiryan-tiryan, ya zo bayan ɗakin Inna ya tsaya cak, domin masu lantarki sun riga sun kafa falwaya a tsakiyar hanyarsa. Na je wurin masu lambatu, suka ce a cire falwaya. Masu falwaya suka ce a karkatar da lambatu. Dukkansu sun ce kai ne mai haɗa su. Damina ta kusa, Yaya, ka haɗa su.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka, ya aiki? Na san da yawa, kullum haka ake gaya mana.

Saƙonka ya iso: in yi haƙuri sai kwamiti ya zauna. Ledar da ka aiko a rufa wa bango ita ma ta iso, Allah ya saka. Sai dai ruwan ta ƙasa yake shigowa, ban sani ba ko akwai wanda ya gaya wa kwamiti.

An yi ruwa ranar kasuwa. Duk abin da rufin sababbin gidajenku ya zubar, lambatu ya tattaro ya kawo mana har gida. Danshi ya hau bango ya kai tsayin gadon Inna. Na tarar da ita a duƙe tana kwarfe ruwa da kwano, da wannan ciwon bayan nata, tana roƙona kada in gaya maka, wai kana da abin da ya fi wannan. Na ce ta koma gidana, ta ce ba za ta sa a ce uwar shugaba ta gudu daga tsarin ɗanta ba.

Shekaranjiya na ga motarka ka kawo baƙi kallon sabuwar unguwa. Ka bi da su ta sama don kada su ga ƙasa. Inna ta sa sabon mayafi ta zauna a ƙofa har rana ta juya. Wallahi na ji na tsane ka a ranar, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Gaisuwa, don an koya mini in gaida na gaba.

Ka riga ka ji bangon ya faɗi. Abin da ba a gaya maka ba, Inna tana tsakar gida tana shanya, ta juya ke nan za ta shiga ɗauko sauran kayan. Ƙasa ta danne gadon. Ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har sai da na karɓe shi.

Washegari da safe masu lantarki suka zo suka cire falwayar, kafin azahar sun gama. Ashe aikin bai fi haka ba. Ashe kana iya haɗa su.

Direba ya ce ka ware mata ɗaya daga cikin sababbin gidajen, mai tayil da famfo. Na gaya mata. Ta tambaye ni ruwan wannan gidan gidan wa yake gangarawa, na ce ban sani ba. Ta ce to ba ta shiga.

Tana wurina yanzu. Maƙwabta sun zo jaje suna tambayar ina shugaba, ina jira in ji ta kare ka kamar kullum. Sai ta ce, “Auta, kawo musu ruwa.” Tun ranar ban sake jin ta ambace ka ba.

Makullin ɗakinta da ta ba ka ajiya lokacin da za ka koma birni, ba sai ka aiko da shi ba. Mun haƙo ƙofar, yara suna tsallaka lambatu a kanta.

Auta