Hoton Mansura a Kasuwar 'Yankara

Zuwa ga Hajiya Suwaibatu, shugabar masu tara gudummawa ta ƙungiyar kare yara, Ƙanƙara.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da maigidan da yara. Ni ne Maharazu na 'Yankara, abokin marigayi mahaifinki. Audi tela ke rubuta mini don ban yi boko ba, kuma na ce mashi kar ya gyara mini magana.

Shekara bakwai ke nan ina jiran ƙungiyarku. Tun da wata mata ta tafi da jikata Mansura, ɗiyar ɗana marigayi Kamilu, aikatau Zariya ba ta maido ta ba, na kawo maku kuka. Wani ma'aikacinku mai biro uku a aljihu ya amshi hotonta, shi kaɗai gare mu, ya ce za a bincika. Har yau ko "sannu Baba" ban ji ba.

Sai ranar kasuwa ga mutanenku da riguna iri ɗaya da lasifika, rumfa-rumfa, wai a ba da masara da dawa don yara. Suka manna takarda jikin rumfar mahauta. Ina ɗaga kai sai ga Mansura da ɗan kallabinta. Audi ya karanta mini abin da ke ƙasa: "Ɗaya daga cikin yaran da muka ceto."

To madalla da gwanaye. Tunda kun ceto ta, tana ina?

Na bar ki lafiya.
Malam Maharazu

*

Zuwa ga Baba Malam Maharazu.

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gaida mai ɗakinka Baba Nana.

Baba, na bincika, kuma kunya ta kama ni. Ba mu samu Mansura ba. Masu taya mu aikin sa kai ne suka buɗe tsohon akwatin hotuna, suka ga nata ya fi fitowa, suka zaci tana cikin waɗanda aka maida gida. Ma'aikacin da ya amshi hoton ya daɗe da barin aiki.

Takardun sun riga sun kai Sabuwa da Damari, hatsi kuma yana shigowa, akwai marayu da yawa da ke jiransa. Ina roƙon ka yi haƙuri har a gama kaka, sai mu cire. Ranar rufe gidauniya mun tanadar maka kujera a sahun gaba, kusa da manyan baƙi.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka, Suwaibatu

*

Suwaibatu,

Na amsa gaisuwa. Kujerar nan, ki ba wanda ƙafa ke ma ciwo. Ni ba wurin zama na rasa ba.

Wai nata ya fi fitowa. Yarinya ta ɓace, ku abin da kuka gani ke nan.

Bari in faɗa maki abin da takardarku ta saya. Matan unguwa sun gani, sun cika gidana da barka. Nana ta share ɗakin da muke tara albasa, ta wanke tabarma, ta sa an ɗinka atamfa. Da Audi ya tambayi awo sai ta ɗaga hannu daidai kafaɗarta, ta ce yanzu ai ta kai nan. In mota ta tsaya bakin titi sai ta ɗauki mayafi. Kwana tara wasiƙarki na aljihuna, na kasa gaya mata.

Dawata zan ba marayu da hannuna, ba sai da lasifika ba.

Ni ba zan faɗa ma Nana ba, don ba ni na rubuta ba. Cikinku wani ya zo, ke ko mai biro, ya tuɓe takalmi ya shiga gidana, ya dubi tsohuwar nan ya gaya mata. Sannan ya juyo ya amsa mini abu guda: cikin shekara bakwai ɗin nan, akwai wanda ya taɓa shiga motar Zariya saboda Mansura?

Wassalam.
Maharazu