Yayana yana gidan yari kan ƙashin da ni na karya

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu karanta wannan shafi. Don girman Allah ki ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma ba na ainihi ba ne. Ina roƙon jama'a ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini, domin babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba.

Ni bazawara ce, ina zaune a Suleja wajen Hashimi, ɗinki nake yi a gida. Mu biyu ne a wurin mahaifinmu, ni da yayana Sabo, mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Baba direba ne a da, ƙuruciyarsa duk a hanyar Izom da Gawu ta ƙare yana jigilar fasinja, da guminsa ya gina gidan da muke ciki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Da aurena ya mutu na dawo gida, ban jima ba hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, hankalinsa kuma ya zama yau yana nan gobe ba ya nan. Tun daga lokacin ni ce wanka, ni ce kashi da fitsari, ni ce ba shi abinci a baki. Babu mai karɓa ta ko na yini guda. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba, na faɗa ne don ku san yadda zaman yake.

Yaya Sabo yana haya da iyalinsa a wata unguwa, ba ya zuwa sai maganar gida ta kawo shi. Kun san yadda masu aiki a Abuja suka sa gida ya yi daraja a garin nan, dillalai kullum suna hure masa kunne a sayar. Baba kuwa ko a ranar da bai san sunan gari ba, in aka ce sayar da gida sai ya ce, "A nan aka wanke uwarku, a nan za a wanke ni." Wannan maganar ce take haukata Yaya. Na ga ya mari Baba har hularsa ta faɗa cikin kwata. Na ga ya zare bel ya zuba masa a gadon baya kamar yana dukan jaki. Wata rana Baba ya ja jiki ya fita wai zai je tasha ya ɗauki motarsa, motar da aka sayar tun da daɗewa, Yaya ya jawo shi a ƙasa tun daga bakin titi har tsakar gida, ya ɗaure ƙafarsa da igiyar shanya a jikin gado. Da na yi magana sai ya shaƙe ni ya haɗa ni da bango ya ce, "Ke da kika kasa zaman gidan miji, ke za ki koya mini riƙon uba?" Akwai wata mai haya a shagon ƙofar gidanmu, Madam Comfort, Kirista ce daga kudu, tana sayar da burodi da lemo. Tana son Baba kamar ubanta, Papa take ce masa. Ita kaɗai take iya tsayawa a gaban Yaya ta ce, "Sabo, wallahi wata rana ni zan kai ka wurin 'yan sanda."

To Anti, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata Asabar da hantsi ina da ɗinkin biki da za a zo karɓa, leshin amarya ne mai tsada, na goge na ajiye a kan kujera na shiga kicin. Ina fitowa na tarar Baba ya ɓata jikinsa, ya jawo leshin yana goge ƙafafunsa da shi. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na fizge leshin, na kama shi ta wuyan riga na fara jansa zuwa banɗaki, yana turjewa yana cewa in sake shi, ni kuma ina ihu ina cewa, "Ka gaji da ni ne? So kake ka kashe ni? Ni kaɗai ka haifa?" Ya kama hannuna ya gantsara mini cizo har jini ya fito. Sai na mare shi. Ubana, da wannan hannun da nake rubutu da shi. Na sake marinsa, na ɗauki bokiti na maka masa a kafaɗa, sannan na hankaɗa shi da iya ƙarfina. Ya tafi da baya ya faɗa kan bakin rijiya. Na ji ƙarar ƙashi, ƙas, kamar an karya rake. Kansa ya bugu da siminti, jini ya fara bin tsakar gida. Bai yi ihu ba, ya dai buɗe baki yana kallona. Me ɗiyar kirki za ta yi a nan? Ba sai ta rungume shi ta kira jama'a ba? Ni hijabi na zara, na naɗe hannuna da ƙyalle, na fita ta ƙofar baya. Na tafi kasuwa ina ta zagaya layin 'yan atamfa ina taya kayan da ba zan saya ba.

Da na dawo na hango taro a ƙofar gida. Ashe bayan fitata Yaya ya zo, ya same shi kwance, ya durƙusa yana ƙoƙarin ɗaga shi yana kiran sunana da ƙarfi. Madam Comfort ta ji hayaniya ta shigo, ta ga Baba cikin jini, ta ga rigar Yaya jina-jina, ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu wai Sabo ya kashe Papa. Unguwa dama a cike take da shi. 'Yan acaba da matasa suka jawo shi waje suka rufe shi da duka, wani da katako, wani da bulo, wani da sarƙar babur. Lokacin da na iso yana ƙasa, haƙoransa na gaba sun zube, idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe, yana rarrafe cikin kwata yana cewa, "Wallahi a kwance na same shi! Wallahi tallahi ba ni ba ne!" Wani ya taka masa hannu da takalmi ya ce, "Da ma ɓarawo yana cewa shi ne?" Ina tsaye. Kalma ɗaya daga bakina da ta tsayar da su. Madam ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Ina kika je, 'yar'uwa? Da kina gida da bai yi ba." Na ce, "Kasuwa na je." Kuma ba zan ɓoye muku ba, da na ga ana dukansa akwai wani wuri a zuciyata da ya ji sanyi. Wace irin mace ce ni?

'Yan sanda ne suka ƙwace shi da ƙyar. A asibiti aka ce ƙashin ƙugun Baba ya karye, ba zai ƙara taka ƙasa ba. Wata lauya daga wata ƙungiya mai kare haƙƙin tsofaffi ta shigo maganar, ta ce wannan karon ba za a kashe ta a gida da sunan zumunci ba, sai an je kotu ko don wasu su ji tsoro. Aka gurfanar da Yaya a kotun majistare, babu wanda ya yarda ya tsaya masa beli, aka kai shi gidan yari. A zaman farko Madam ta ba da shaida, ta faɗi marin, ta faɗi bel, ta faɗi igiya, kuma duk gaskiya ta faɗa. Maƙwabta biyu suka ƙara da nasu. Yaya ya miƙe daga inda aka zaunar da shi, bakinsa babu haƙora, yana kuka yana cewa, "Ranka ya daɗe, na dake shi a baya, ban musa ba, Allah ya yafe mini. Amma na ranar nan ba ni ba ne!" Mutane suka yi ta tsaki. Idon da aka fasa masa har yanzu ba ya gani da shi.

A zama na biyu aka kawo Baba a keken guragu, ni nake tura shi. Ranar hankalinsa garau yake. Alƙali ya sassauta murya ya ce, "Baba, kada ka ji tsoron kowa a nan. Wa ya ture ka?" Baba ya dubi Yaya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, santsi ne ya kwashe ni." Lauyar ta miƙe ta ce kotu ta gani da idonta, tsoho yana tsoron ɗansa har a gaban shari'a, haka waɗanda aka daɗe ana azabtarwa suke yi. Aka ɗage zama. A cikin Keke Napep muna komawa gida, Baba ya kamo hannuna da hannunsa mai lafiya, ya shafa tabon cizon ya ce, "Haƙorana sun ji miki ciwo ko, Uwata? Ki yafe mini." Anti, ya sani. Duk abin da yake mantawa a duniya, wannan bai manta ba, kuma ni yake roƙo gafara.

Matar Yaya, Hadiza, ta zo mini da 'ya'yansu, ta durƙusa a tsakar gida ta riƙe ƙafata ta ce, "Anti, ke kaɗai kika rage. Na san halinsa, ni ma jikina duk tabonsa ne, amma ya rantse mini da Alƙur'ani ba shi ba ne. Ki taimaki yaran nan." Na ce mata ni ban ga komai ba. Ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ta daɗe tana kallona, ta fita ba ta yi sallama ba.

Yanzu saura shaidata. Lauyar ta ce ni ce zan rufe shari'ar, in yi alwala in dafa Alƙur'ani in faɗi duk abin da na sani, kuma in faɗi inda nake ranar. In na ce kasuwa, na yi rantsuwar ƙarya da littafin Allah, yayana ya tafi ɗaurin shekaru kan abin da bai aikata ba. In na faɗi gaskiya, ni za a rufe, shi ya fito, Baba ya koma hannun mutumin da ya ɗaure shi da igiya, gidan kuma kafin wata ya zagayo an sayar. Ba mu da wani dangi na kusa da zai ɗauke shi. Shin don Yaya ya cancanci hukunci kan dukan da ya yi a baya, ya halatta in bar shi ya ɗauki nawa? Ko kuwa tsoron gidan yari ne kawai nake lulluɓewa da sunan tausayin Baba?

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto shi ne wannan. Kotu ta ba da umarni cewa kafin a gama shari'a, kula da Baba tana hannuna ni kaɗai, kada wani daga ɓangaren Yaya ya kusance shi. Lauyar har ta yaba mini a gaban mutane, ta ce da kowane tsoho yana da ɗiya irina da ƙungiyarsu ba ta da aikin yi. Jiya da rana ina ba shi kunu ya buge kofin, ya zube mini a jiki da zafinsa. Kafin in ankara hannuna ya riga ya tashi sama. Ban sauke masa ba, wallahi ban sauke ba. Amma Baba ya riga ya dunƙule a cikin keken, ya kare kansa da hannu ɗaya, yana cewa, "Na daina, na daina."

Jama'a, an raba shi da wanda ake tsoro an damƙa shi a hannuna, ni kuma ban ƙara yarda da hannun nan ba. Ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Me zan yi?