Babur ɗin Depite a Ƙarƙashin Gero

Malam Ridwanu, don Allah ka taimake ni, kuma ka ɓoye sunana. A ƙauyenmu mutum uku ne ke karanta jarida, amma ukun nan ba sa iya riƙe magana.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Shekara goma sha ɗaya ina shugaban ƴan sintirinmu, masu gadin dabbobi da hanya saboda ɓarayin da ke tsallako mana ta iyaka. Da farko sanda da ƙafa kawai muke da su. Sai lokacin yaƙin neman zaɓe, marigayi Alhaji Na'Allah, wanda ya zama depitenmu, wato ɗan majalisarmu, ya kawo mana babura biyu, ja da baƙi. Da hannunsa ya sa mini mabuɗin jan a tafi, ya kira ni da sunan da iyayena kaɗai ke kira na da shi. Har yau ban san wa ya gaya masa ba.

Malam, ka tuna waɗannan shekarun? Mata su sha atamfa mai hoton ɗan takara, makaɗa su cika gindin gawo, shayi ya wadata har yara su ƙi shi. Na san ƙuri'a ake nema, ni ba yaro ba ne. Amma a lokacin ne kaɗai babban mutum ke cire takalmi ya zauna a tabarmata, ya sha furar matata Zaituna, ya ce a ƙaro. A kan jan babur ɗin nan na bi sawun shanun wani makiyayi maƙwabcinmu har muka ƙwato tara cikin sha huɗu. A kansa na kai mata masu naƙuda likita, ban san adadinsu ba.

To, bara aka kira mu buro, wato ofishin magajin gari, aka karanta mana takarda. Wai daga yanzu sintiri ya koma ƙarƙashin hukuma, za a rubuta sunaye, jandarma su ba da horo, kuma duk abin da ɗan siyasa ya taɓa ba mu sai an miƙa shi. Aka ce shekaruna sun wuce, aka naɗa ƙanena Usmanu a wurina. Wannan bai dame ni ba, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Baƙin babur na miƙa shi. Jan kuwa sai na ji bakina yana cewa injinsa ya buga a Tibiri, bakanike ya sayar da shi gunduwa-gunduwa. Ranar kasuwa da gida ya watse, na kwance ƙafafunsa, na ɗaga jinkar rumbu, na zura shi ciki. Da kaka ta zo na jera dammunan gero a kansa.

A gidanmu gandu ɗaya ne, rumbu ɗaya, kuma tun zamanin kakanmu babba ne kaɗai ke hawa ya fiddo damma. Ba wanda ke leƙawa, don kada iyali su ga ƙasan rumbu hankalinsu ya tashi. Da wannan na dogara. Abin da ban tuna ba shi ne gero cin sa ake yi. Makon jiya na sa hannu na taɓa madubin babur. Zaituna ta ce furar bana tana warin mai, na ce takin zamani ne, ta dube ni ta ci gaba da damunta. Ga ciwon gwiwa ya taso mini, kullum Usmanu yana cewa Yaya ka bar mini tsanin nan haka nan.

Abin da ke cin raina shi ne, Usmanu ya dafa Alƙur'ani gaban mai gari ya rantse babu sauran kayan ɗan siyasa a hannunmu. Da maganata ya rantse. In aka gano, za a cire shi, a ce maƙaryaci ne a garin da ake ba shi ajiya. Geron da ya rufe babur ɗin bai fi na mako shida ba. In binne shi a gona? In faɗa? Ni dai ban sace shi ba, ba ni aka yi.

Tsohon Ɗan Sintiri, yankin Gidan Sori

*

Ɗan'uwa, na sha jin an ɓoye goro a rumbu, na ji an ɓoye takardar gona, amma kai ne mutum na farko da ya ajiye sirrinsa a ƙarƙashin abin da iyalinsa ke ci safe da yamma. Da ma cikin ƙaiƙayi ka sa shi.

Na tuna shekarun da kake faɗa, har yanzu akwai hular wani ɗan takara a akwatina, ya faɗi zaɓe amma hular tana da kyau. Kewarka ba wauta ba ce. Mutumin da ya bincika sunanka na gida kafin ya zo, ko don ƙuri'a ya yi, ya girmama ka fiye da takardar da aka karanta maka a tsaye. Kuma babur ɗin ya yi aikin alheri, shanu tara da jariran nan shaida ne.

Sai dai masu takardar ma ba mahaukata ba ne. Na karanta yadda ƴan majalisun ƙasashe masu nisa ke ta gardama kan abu biyun nan, wa zai riƙe masu tsaro, kuma kuɗin wa ke shiga yaƙin zaɓe, har yau ba su gama ba. Dalilin ɗaya ne da na ƙauyenku. Ka tambayi kanka a ɓoye: da shanun abokin hamayyar Alhaji aka kora ranar da yake taro a garinku, ina jan babur zai nufa? Ba sai ka rubuto mini amsar ba.

Kada ka binne shi. Ƙasar gona garma ke bin ta kowace shekara, kuma ka riga ka gwada ɓoyo a wurin da ake taɓawa.

Game da rantsuwa, malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya rantse kan abin da yake da yaƙinin gaskiya ne, daga baya ya bayyana ba haka ba, babu laifi a kansa. Ka tabbatar wurin limaminku. Usmanu a wanke yake wurin Allah. A wurin mutane kuwa kai kaɗai ke iya wanke shi, kuma sai in kai ka fara magana. In shi ya hau tsani ya gani da idonsa, ka jefa shi tsakanin tona asirin yayansa da zama maƙaryaci na gaske. Wannan ya fi cire shi daga sintiri muni.

Saboda haka cikin makon nan ka kira shi, ku biyu kawai, ka gaya masa. Zai yi fushi, ka bar shi ya yi, haƙƙinsa ne. Sannan ku je wurin mai gari, ka faɗa da bakinka gaban waɗanda suka ji rantsuwar cewa kai ka yaudare shi. Mai gari ya raka ku buro. Ba na yi maka alkawarin ba za a yi maka faɗa ko a ci ka tara ba, amma wanda ya kawo da kansa ba a yi masa hukuncin wanda aka kama. Ka kuma roƙa, in doka ta yarda, a yi masa rajista da sunan hukuma a mayar wa sintirin ƙauyenku. In sun ƙi, ka haƙura.

Zaituna kuwa, ina zaton ta riga ta sani, jira take ta ga ranar da za ka gaji.

Za a yi maka dariya a kasuwa wata ɗaya ko biyu, wataƙila ma a laƙaba maka suna. Ka ɗauka, ya fi a kira ƙanenka maƙaryaci sauƙi. Allah ya jiƙan Alhaji Na'Allah, ya ba gwiwarka lafiya, ya tsare ƙauyenku da dabbobinsa, ya kuma sanyaya zuciyar Usmanu a ranar da za ka zaunar da shi.

Malam Ridwanu