Gyaɗar Iri

Assalamu alaikum, Dada.

Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah ya kai haske makwancinki, ɗanki ne Buba. Daga rumfar facina ta Yelwa nake rubuto miki, tsakanin taya da taya.

Wani abu ya fito bayan rasuwarki. Shiri ne da ake tura wa mutane a waya: mace da namiji suna zaune a can wani babban gari, jama'a na aiko musu da damuwarsu ta aure da ta gida da ta wurin aiki, su kuwa suna ba da shawara. Iliya mai shagon caji yake zuba min a memori, ina faci ina saurare. Mutanen kirki ne, sai dai kowace matsala minti biyar take ci a hannunsu. Ke kuwa yini guda kike ba ta.

Ina tuna matan Digil suna shigo miki ido jawur. Ba kya tambayarsu komai. Sai ki turo tiren gyaɗa ki ce, "Taya ni ɓarewa, hannuna ya gaji." Ina yaro na ɗauka wayo ne kawai na samun masu aiki kyauta.

To Dada, ni ma na kai ƙarata shirin nan. Kin san Rabi, matata, wadda kika zaɓa min kina cewa tana da hannun miya. Tun da muka dawo daga gudun da muka yi lokacin da 'yan bindiga suka shigo gari, ta ƙi taka hanyar gonarki. Damina uku gonar na kwance. Bana Kawu Hamman ya aiko cewa in ban shuka ba zai ba wani. In na yi wa Rabi maganar komawa, sai ta tashi ta kama wankin kwanon da ta riga ta wanke.

Na aika musu da murya, na ɓoye sunana. Bayan sati biyu suka amsa. Matar ta ce in zaunar da ita, in kalli cikin idonta, in ce yau sai ta faɗa min. Haka na yi. Na ma sayo lemo. Rabi ta dubi lemon, ta dube ni, ta ce, "Buba, alƙali ka zama?" Washegari ta tafi gidan yayanta, kwana tara.

Ba laifinsu ba ne. Ba su san mu ba, ba su san a wajenmu ido na rufe baki ba.

Ran na goma na ɗauki ƙwaryar gyaɗar iri na tafi biko. Yayanta ya ce, "Kai, biko ka zo ko talla?" Na shimfiɗa buhu a inuwa, na ce mata hannuna duk faci ya cinye, ta taya ni. Muka zauna gefe da gefe, kowa idonsa a kan gyaɗa. La'asar ta yi ban ce uffan ba. Wallahi Dada, bakina har ƙaiƙayi yake.

Sai da ƙwaryar ta kusa ƙasa ta fara magana, kamar da gyaɗar take yi. Ranar gudu ina kasuwa, ita ta bi maƙwabta, ba mu haɗu ba sai a Yola. Ashe tana da ciki wata biyu, na fari, kunya ta hana ta gaya min. A mayo, rafin nan da ke hanyar gonarki, ta faɗi, a nan cikin ya zube. Wata tsohuwa ta ɗaure mata zane suka ci gaba da gudu. Shekara uku tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ni kuwa ina ta lissafin damina.

Na ci gaba da ɓara. Lokacin na gane abin da kike cewa: "Ba gyaɗar nake so ba, Buba." Kin yi jika, Dada, ko da na wata biyu ne. Shi na zo in gaya miki.

Na ce mata Kawu ya ba da gonar, na yafe. Ta ɗaure bakin buhun, ta ce iri ba ya jiran shekara ta huɗu, amma in mun kai mayon in tsaya, kada in yi mata sauri.

Jiya muka je. Mun daɗe a bakin ruwan. Ta yi addu'arta, na yi tawa. Ita ta fara tsallakawa.

Allah ya jiƙanki, ya haɗa ki da ɗan jikan nan da bai samu suna ba, ya sa Aljanna ce makomarku. Amin.

Naki, mai koyon yin shiru,
Buba