Akwatin da Auta Ta Sayo

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta shigo shago rungume da kwali. Akwatin kwamfuta ne, wanda muke ce wa kes, matsakaici, irin mai tsayuwa a gefen tebur. Ba ta tambaye ni ba kafin ta saya. Shekara ashirin da shida ina haɗa kwamfuta ina gyarawa, 'yar cikina ta je layin 'yan kaya ta zaɓo mafi araha, sannan ta kawo mini wai in duba.

"Baba, mako ɗaya suka ba ni. In bai yi ba a mayar, amma kar a ɓalle komai a jikinsa."

Na ce to.

Sauran kayan suna nan tun watan jiya: bod ɗin da komai ke hawa a kansa, katin hoto, ram biyu masu riƙe aikin da ake kan yi, da fawa mai raba wuta. Akwati kaɗai ya rage. Ranar Lahadi 16 ga wata za ta tafi. Wani ofishin zanen gine-gine ne ya ɗauke ta, tafiyar awa tara a mota, kuma sun ce sabon ma'aikaci da injinsa yake zuwa. In ta je hannu rabbana, akwai wata a bayanta tana jiran kujerar.

Ban buɗe kwalin ba. Akwai aiki a gabana.

Talata, 4 ga Maris

Na buɗe. Abin da na gani:

Ƙarfen ba kauri. Na danna murfin gefe da babban yatsa ya lotsa, ya dawo da ƙara kamar gwangwanin madara. Ɗaya gefen roba ce mai kwaikwayon gilashi, ko kallonta ka yi da ƙarfi sai ta karce. Fanka ɗaya tak, a baya. Gaban a toshe yake, sai 'yar siririyar raga a gefe inda iska za ta lallaɓo ta shiga. Ƙafafun da bod ke zama a kai shida suka ɗaura, bod ɗinta tara yake so. Sauran ukun na cikin leda, sai na ɗaura da kaina.

Bakin ƙarfen a naɗe yake, ba ya yanka hannu. Wannan na ba su.

Nauyinsa kuwa, da hannu ɗaya na ɗaga shi na sa a kan kanta. Akwatin da ba shi da nauyi ba na yarda da shi.

Laraba, 5 ga Maris

Na sa tef na auna. Daga baya zuwa gaba milimita 320, katin hotonta 305. Zai shiga. Na sake aunawa, bai canja ba. Tsayin mai sanyaya injin ma ya wuce da sauran wuri kaɗan. Bayan farantin bod, inda ake ɓoye wayoyi, da ƙyar ɗan yatsana ya shiga, amma in mutum ya iya kwantar da waya zai rufu.

Matsalar tana baya. Ƙarafuna bakwai ne jere, sirara, masu toshe ramukan da kati ke leƙowa. A akwatin kirki da noti ake ɗaure su, ka kwance ka mayar yadda kake so. Waɗannan a manne suke da jikin ƙarfen. Lanƙwasawa ake yi har su ɓalle, kuma in sun ɓalle shi ke nan. Katin Auta biyu yake buƙata a cire. Ranar da na cire su, akwatin ya zama nata, ba mayarwa.

Na bar su tukuna.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban taɓa shi ba. Firintar wata makaranta ta cinye mini yini.

Juma'a, 7 ga Maris

Dogo, mai gyaran waya na shagon kusa, ya shigo aron sukudireba kamar kullum. Ya ga akwatin a buɗe, ya ga kayan a kwalayensu.

"Kai da kake haɗa inji kafin shayi ya huce? Kwana huɗu?"

Na ce ina nazari ne.

"Nazarin gwangwani?"

Na miƙa masa sukudireban. Bayan ya fita na jawo tsohon akwatin nan daga ƙarƙashin kanta. Na wani banki ne da suka sauya injina shekarun baya, na ajiye shi tun Auta na aji uku, da niyyar wata rana in haɗa mata a ciki. Ƙarfe ne na gaske, ko zama ka yi a kai ba zai ce uffan ba. Na goge shi, na sa wa maƙullin mai. Katin ba zai shiga ba sai an yanke kejin da faifan ajiya ke zama, sai na kai wa mai walda. Aikin kwana uku ko huɗu, in yana da wuta.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta zo da rana. Na nuna mata na bankin. Ta sunkuya ta kama shi da hannu biyu, ta ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ta dire.

"Baba, ɗakina hawa na uku ne. Ba lif. Kuma daga tasha ni kaɗai ce."

Ta miƙa hannu ta ɗauki nata da hannu ɗaya, ta riƙe shi a gefe kamar jakar kasuwa. Wai ta yi ta ɗaga akwatuna a layin har masu shagunan suka fara yi mata dariya, wannan ne kaɗai katin zai shiga kuma za ta iya hawa bene da shi. Da tef ɗinta ta je, ta auna kafin ta biya.

Ban san ta auna ba.

A gida uwarta tana ninke mata zannuwan gado, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, akwatin nan dai ya fi ɗinkin aure daɗewa." Na ce aikin inji ba a yi masa gaggawa. Ta ce ai ta sani, tun da rediyonta ya shekara biyu a shagona.

Lahadi, 9 ga Maris

Shago a rufe. Jakunkuna biyu a bakin ƙofar ɗakinta, ɗaya ta riga ta zuge.

Litinin, 10 ga Maris

Yau wa'adin mayarwa ya cika.

Ta zo ƙarfe goma. Na yi mata bayani dalla-dalla, kuma duk gaskiya na faɗa: gaban ba ya shan iska, zanen gini kuwa yana gasa kati, zafi zai taru. Na ce a mayar, in sa a kawo mata wani mai raga a gaba daga wurin mutumina. Ta tambayi kwana nawa. Na ce mako biyu, in an yi sa'a.

Ta kalli kalandar bango. Sannan ta ce, a hankali, ba da faɗa ba:

"Baba, akwatin ne bai yi ba, ko tafiyar?"

Na ce wace irin magana ce wannan.

Ta ɗauki filaya daga kan tebur, ta juya akwatin, ta kama ƙarfe na biyu daga sama za ta fizga. Na ce ba haka ake yi ba, za ki lanƙwasa firam ɗin. A tura shi ciki, a dawo da shi waje, a hankali, har ya gaji. Ta yi yadda na ce. Sau shida, ya ɓalle. Ta miƙo mini filayar.

Na uku ni na cire. Sau huɗu. Bakinsa ya yanke ni a yatsa, ashe nan ne kaɗai ba su naɗe ba. Ta kawo filasta daga jakarta ta ɗaure mini, ta matse da yawa.

Raina ya ɓaci yau, kuma ba da ita ba.

Talata, 11 ga Maris

Ƙafafu uku na ɗaura, bod ya zauna daidai a kan tara. Ramukan sun dace, ban yi dambe da ko ɗaya ba, abin da wasu masu tsada ma sukan gagara. Fawa a ƙasa, bakinta na kallon raga. Kati ya shiga da sauran wurin da tef ya ce.

Awa ɗaya da minti ashirin. Dogo ya leƙo ya duba agogonsa, ya fita yana murmushi. Sukudireban nawa har yanzu yana wurinsa.

Injin ya tashi a bugu ɗaya.

Laraba, 12 ga Maris

Gwajin zafi. Na sa ta buɗe zanen da ya fi kowanne nauyi a cikin ayyukanta, wani asibiti mai hawa huɗu da ta yi a shekarar ƙarshe. Murfi a buɗe, kati ya tsaya a digiri 71. Murfi a jingine, ya hau 83, fankarsa na ihu. To, ban yi ƙarya ba ranar Litinin.

Na ciro fanka biyu daga durowa, cikin waɗanda nake ɓoyo, na ɗaura a gaba suna jan iska ciki. Na cire wani banzan soso da suka liƙa a bayan ragar. Ya sauko 75 ya zauna. Maganin kenan, na minti goma sha biyar, kuma tun ranar Talatar farko na san shi.

Ban taɓa zama na kalli zanenta da kyau ba sai yau. Har inda keken marasa lafiya zai juya ta auna.

Alhamis, 13 ga Maris

Wayoyi. A nan kowane mai haɗi yake da hannunsa. Ni nawa, ina bi da su ta baya in ɗaure tamau, in cusa na maɓallin kunnawa na gaba ƙarƙashin bod inda ido ba ya kaiwa. Yana da kyau a ido. Kuma duk wanda ya buɗe ba zai gane kansa ba, dole a dawo wurina. Ban taɓa rubuta wannan ba, amma haka ne. Rabin masu dawowa shagon nan ɗaurin wayata ne ya dawo da su.

Na yi mata irinsa, ya fito tsaf. Ta tsaya a kaina tana kallo.

"In wannan ta zare a hanya, ina zan mayar da ita?"

Na ce ki kira ni.

"In kana salla fa? Ko ba sabis?"

Na ce sai ki jira.

Ta ce to. Irin to ɗin uwarta.

Juma'a, 14 ga Maris

Na yanke ɗaurin jiya duka, na sake. Na fito da na maɓallin gaba fili. Kowace waya na naɗa mata farin tef na rubuta da biro: wuta babba, wutar kati, fankar gaba ta sama, fankar gaba ta ƙasa, maɓalli. A cikin murfin ƙarfe na liƙa takarda na zana bod da inda kowacce ke shiga, da abin da za a fara dubawa in ya ƙi tashi: kati, sannan ram, a danna har a ji ƙas.

Bai kai na jiya kyau ba. Ta robar nan ana hango tef ko'ina kamar mai ciwo.

Hanyar ce ba ta da kyau, dole wani abu ya girgiza. Dalilin kenan.

Asabar, 15 ga Maris

Na rufe murfi. Kwamfutar shagona shekara goma sha ɗaya gefenta a buɗe, ban ma san inda murfin yake ba. Wannan na ɗaure noti biyun baya da hannu, ban sa sukudireba ba, don ta iya kwancewa.

Hukunci, don in wani ya tambaya: ƙarfe sirara, robar gefe ta banza, fanka ɗaya ba ta isa ba, sai an ƙara biyu. Ramuka daidai, kati mai tsayi yana shiga, waya tana ɓoyuwa in an yi haƙuri. A kuɗinsa ba laifi. Wanda zai hau bene da shi, ya saya.

Kafin in rufe na cusa soso a ƙarƙashin katin, yanzu na mayar da akwatin kwalinsa.

Lahadi, 16 ga Maris

Motar ta tashi bakwai da rabi. Ta ƙi a sa shi a but, a cinya ta riƙe.

Talata, 18 ga Maris

Jiya wayata tana kan tebur tun safe, na ƙure mata ƙara. Ba ta kira ba sai bayan la'asar. Wai da ta isa ta cire soson ta kunna, fankoki na juyawa, allo baƙi. Ta kwance murfi, ta bi takarda, ram ɗaya ne ya ɗaga. Ta danna, ya tashi. Ta yi aikinta na ranar farko, har shugaban ofishin ya tsaya ya tambayi wa ya haɗa mata.

"Ka ga ban ma dame ka ba, Baba."

Na ce madalla, haka ake so. Sai ta zauna tana ba ni labarin ɗakin, da tagar da ba ta rufuwa, da maƙwabciyarta mai kyanwa uku. Minti arba'in. Ba a sake maganar kwamfuta ba.

Yau wani ya kawo inji a sauya masa fawa. Sai da na gama na lura na naɗa wa wayoyinsa farin tef. Dogo ya gani ya ce zan kashe kasuwata da hannuna. Na ce tef ɗin ne ya yi saura.

Ƙarafunan nan biyu da muka ɓalle, na tashi zubar da su a shara ɗazu, na fasa. Suna aljihun rigata. Ba su da wani amfani, ba sa komawa.