Bizar da Ka Zaɓa wa Nura

Ƙanena Auwalu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Maryam da yara. Yaya zaman Masar? Mu nan Kangire lafiya lau, har mun fara girbin gero.

Amma raina a ɓace yake da kai. Ɗana Nura ya samu gurbin digiri, ana shirin nema masa bizar digiri, sai ka kira babansa ba da sanina ba ka ce bizar koyon harshe ta fi saurin fitowa. Ai kuwa ta fito! Jiya aka yi mana bayani: Larabci kawai zai koya, in ta ƙare ya tattaro ya dawo, ba digiri.

Auwalu, Nuran da yake koyar da nahawu a Islamiyyarmu za a zaunar a koya masa alifun ba'un? Ya sallami ɗalibansa, an ba wani ajinsa, dangi har daga Fagam sun zo sallama. Da wane baki zan ce musu ba digiri zai yi ba?

Ka je jami'ar da ƙafarka ka tambayo yadda za a gyara. Ka sa mu a addu'a. Ka gaishe min da Maryam da yara. Kai kuwa, taka gaisuwar tana nan sai ka gyara.

Yayarka,
Rabi